Koyar da aƙidar Fentikos a ajin da kowa da ɗarikarsa

Ni ɗan Assemblies of God ne, ɗaya daga cikin ikilisiyoyin Fentikos, a cikinta na tashi, kuma ina koyar da tarihin ikilisiya a wata makarantar Littafi Mai Tsarki da ke ɗaukar ɗalibai daga ɗariku daban-daban. A benci ɗaya sai ka ga ɗan ECWA da ɗan COCIN da 'yar EYN daga Adamawa, wata shekarar har da ɗan Katolika. In aka zo babin Fentikos, kowa ya riga ya yanke hukuncinsa tun daga gida. Wani ihun addu'ar dare da ke hana unguwa barci ya sani, wani kuma faston da ke da jirgin sama.

Abu mafi sauƙi ga malami shi ne ya ce ai duk ɗaya muke, Ruhu ɗaya, Ubangiji ɗaya, ya wuce. Ɗalibai ba yara ba ne, suna gane lokacin da ake shafa musu mai a baki. Aikin nan ya koya mini in fara da abin da ya fi ɗaci. Bayanin bangaskiyar da ikilisiyarmu ta tsara a Amurka a 1916 ya ce baftismar Ruhu Mai Tsarki abu ne dabam da sabuwar haihuwa, bayanta yake zuwa, kuma alamarsa ta farko ita ce magana da harsuna, wato mutum ya furta harshen da bai taɓa koya ba. Hujjarmu Ayyukan Manzanni sura 2 da 10 da 19. Daga nan sai in buɗe 1 Korintiyawa 12, inda aya ta 13 ta ce dukanmu an yi mana baftisma da Ruhu ɗaya, aya ta 30 kuma Bulus ya tambaya ko kowa ne ke magana da harsuna. Wannan hujjar 'yan ECWA ce, kuma ba ƙarama ba ce.

Wani dattijon fasto da ya dawo ƙaro karatu ya taɓa cire tabarau ya ajiye a kan Littafinsa, ya ce, "Malam, shekara talatin ina wa'azi a ƙauye, ban taɓa yin harsuna ba. Wato ba ni da Ruhu ke nan?" Na ce, "A'a, Baba. Mu ma mun yarda duk wanda ya ba da gaskiya Ruhu na zaune a cikinsa, cetonka ba ya rataye a kan harsuna. Amma bisa koyarwarmu, waccan baftismar ta iko ba ka karɓa ba tukuna." Bai ji daɗi ba, ya kuma ce bai yarda ba. Bayan an tashi shi ya tsaya muka ci gaba da magana har aka buga ƙararrawa.

Tarihinmu ma sai a faɗe shi da tabonsa. Charles Parham, wanda a makarantarsa ta Topeka a Amurka aka fara wannan koyarwa a 1901, ya ɗauka harsunan nan yarukan duniya ne, har mishan ba sai sun koyi yare ba. Alfred Garr ya tafi Indiya da tabbacin zai yi wa'azi da Bengali, ya isa ya tarar ba mai gane shi. William Seymour kuwa, wanda ya jagoranci farkawar titin Azusa a Los Angeles a 1906, daga wajen aji ya saurari darasin Parham a Houston saboda shi baƙar fata ne. Gara su ji wannan daga bakina da su tsinto shi a intanet.

Sai kuma rarrabewa, don sunan Fentikos ya rufe mutane da yawa da ba sa jituwa. Akwai waɗanda suka ƙi Triniti, wato koyarwar Allah ɗaya cikin Uba, Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, tun 1916 muka rabu da su. Koyarwar tsarki ta Kumuyi a Deeper Life dabam take da bisharar wadata da ta bunƙasa ta hannun Kenneth Hagin da Benson Idahosa na birnin Benin, kuma Assemblies of God ta Amurka ta fitar da takarda a 1980 tana sukar koyarwar nan ta furta abu da baki ka samu. Duk da haka ba na cewa masu bisharar wadata ba namu ba ne. Namu ne, a gida muke rigimar. Shaidar warkarwa kuwa, wadda ban gani da idona ba ba na kawo ta aji.

Ɗan Katolika ya kan ba ajin mamaki, domin tun 1967, daga jami'ar Duquesne ta Amurka, akwai masu addu'a da harsuna a cikin Katolika, kuma suna nan a majami'unsu har a Jos da Kaduna. Don haka kafin in yi bayani nakan tambayi kowa abin da ake yi a ikilisiyarsa.

A jarrabawa kowa yana rubuta matsayin ɗarikar da ba tasa ba. Kafin in ba da maki, ɗan waccan ɗarikar zai karanta ya ce ko haka suke faɗa. 'Yan Fentikos ne suka fi shan wahala da wannan tambaya, musamman in baftismar jarirai ta faɗo musu.