Awa biyun ƙarshe na barci ba irin na farko ba ne

Barcin dare ba miƙaƙƙiyar hanya ba ce daga kwanciya zuwa wayewar gari. Zagaye-zagaye ne, kowanne kimanin minti 90, kuma baligi mai lafiya yakan yi huɗu zuwa shida kafin ya tashi. Jiki yana da agoguna irin wannan da yawa da ke juyawa a ƙasa da awa 24. Hanji idan babu abinci a ciki yakan matse ya share kansa duk bayan minti 90 zuwa 120, ƙofofin hanci kuma suna karɓa-karɓa, ɗaya ta buɗe ɗaya ta ɗan toshe, bayan 'yan awanni. Na barcin dai shi ne wanda ake ji a jika idan ya lalace.

Kowane zagaye yana farawa da gyangyaɗi na 'yan mintuna, sai barci mara nauyi, wanda shi ke cinye kusan rabin dare. Daga nan sai mai nauyi: bugun zuciya ya ragu, numfashi ya daidaita, tashin mutum ya yi wuya, kuma a lokacin ne jiki ya fi sakin sinadarin girma. Na ƙarshe shi ne barcin motsin ido, wanda Eugene Aserinsky da Nathaniel Kleitman suka bayyana a 1953 a Jami'ar Shikago. A nan ƙwaƙwalwa tana aiki kusan kamar ta mai ido biyu, yawancin mafarkin da ake tunawa a nan yake, tsokokin jiki kuwa a sake suke don kada mutum ya aikata abin da yake gani. Idan hankali ya farka kafin tsokokin su dawo, shi ne dannau.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne rabon bai zama ɗaya ba. Barci mai nauyi ya taru ne a zagaye biyun farko. Na motsin ido kuwa a karon farko bai fi minti 10 ba, amma gab da safiya yana kai rabin awa ko fiye. Saboda haka wanda jikinsa ke buƙatar awa 8 ya yi 6, kashi ɗaya cikin huɗu na lokaci ya rasa, amma abin da ya rasa na barcin mafarki ya wuce haka sosai. Wannan rabon ne ma ya sa tafiya cikin barci ta fi faruwa a farkon dare, mugun mafarki kuma wajen asuba.

Manhajojin da ke lissafa lokacin tashi da ninkin minti 90 ban ba su muhimmanci ba. Minti 90 matsakaici ne kawai; zagaye yana iya zama 70, yana iya kai 120, ko a dare ɗaya ma ba ya tsayawa wuri guda. Kafin a kai na biyar lissafin ya kauce. Gara a tsayar da lokacin tashi guda kullum, a bar wa barci awa 7 zuwa 9.

Inda lissafin yake da amfani shi ne barcin rana. A tsaya a minti 20, kafin a nutsa, ko a ba shi minti 90 ya kammala. Tashi bayan minti 45 zuwa 60 yakan faɗo tsakiyar mai nauyi, sai magagi ya riƙe mutum minti 15 zuwa 30. Kada a kama tuƙi a cikin wannan hali.

Sinadarin kafeyin da ke cikin kofi da shayi yakan ɗauki kimanin awa 5 kafin rabinsa ya bar jini, don haka wanda aka sha da ƙarfe 4 na yamma rabinsa yana nan da ƙarfe 9 na dare, yana rage nauyin barci ko da idon ya rufe. Barasa tana danne barcin motsin ido a farkon dare, ta yayyanka na ƙarshe. Ɗan farkawa tsakanin zagaye da zagaye ba ciwo ba ne, jarirai ma nasu zagayen minti 50 zuwa 60 ne, shi ya sa suke yawan motsawa. Amma minshari mai ƙarfi da ɗaukewar numfashi na daƙiƙa 10 ko fiye, ga gyangyaɗi da rana duk da an kwana awa 8, wannan sai an ga likita an yi gwajin barci.