Shirin ɗinkin kayan amarya

Yau da safe na kwashe duk abin da ke kan teburin yanka, domin gobe zan fara ɗinkin kayan wata amarya da ankon ƙawayenta. A ƙarƙashin tarkacen na tarar da buhun ƙyallayen atamfa da shadda, waɗanda na daɗe ina ajiyewa da sunan za su yi amfani wata rana. Na zauna ina juya su ɗaya bayan ɗaya, ina tuna mai kowace riga, har da waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, Allah Ya jiƙansu. Da ƙyar na iya miƙa buhun ga yarinyar da ke koyon ɗinki a wurina.

Leshi mai tsada sai an shimfiɗa shi gaba ɗaya kafin a sa masa almakashi, kuma yanzu teburin zai ɗauke shi.