Yadda Na Lanƙwasa Ƙofofin Kabad ɗin Kicin

Kabad ɗin da na haɗa wa kicin ɗinmu ya ƙare ne daf da bakin ƙofar shiga, kuma duk wanda ya shigo da kaya a hannu sai ƙugunsa ya gogi kusurwar. Shi ya sa na yanke shawarar cewa kabad na ƙarshe, na ƙasa da na sama, su zama kwatan da'ira, ƙofofinsu a lanƙwashe. Nisan tsakiyar da'irar zuwa bayan ƙofa santimita 30, tsayin ƙofar ƙasa santimita 72, kauri milimita 18 don ta daidaita da sauran ƙofofin miƙaƙƙu.

Hanyoyi uku na auna kafin in fara. Akwai turara katako da tururin ruwan zafi har ya yi laushi, kimanin awa ɗaya ga kowane santimita 2.5 na kauri. Da wannan dabarar fitaccen kafinta Michael Thonet ya fitar da shahararriyar kujerarsa mai lamba 14 a 1859, amma aikin sanduna ne da ƙafafun kujera, faffaɗar ƙofa ba ta jin wannan magani. Akwai kuma hanyar masu haɗa gangar katako: a yanka siraran falankai a tsaye, a karkatar da gefunansu, a manne su su zagaya. Wannan ta ja hankalina saboda katako ne zalla. Sai na zauna da lissafi. Kwatan da'ira digiri 90 ne, in an raba shi falanki 9 kowane gefe zai karkata digiri 5, kuma gefe 16 ne za su haɗu. In zarto ya kauce da rabin digiri kawai, an tashi da kuskuren digiri 8 a ƙofa ɗaya. Ga shi kuma katako zalla yana kumbura ta faɗi in ya sha laima, ya tsuke in ya bushe, kicin kuwa gidan tururi ne. Na haƙura da ita.

Ta ukun na ɗauka: a jera siraran filawud, a shafe su da gam, a danne su a kan mol mai siffar da ake so har gam ɗin ya bushe. Kowane falle shi kaɗai yana lanƙwasuwa da hannu, amma da zarar gam ya kama, ba ɗayansu da zai iya zamewa a kan ɗan'uwansa, don haka dole su zauna yadda aka bar su. Na yi amfani da falle 5 masu kaurin milimita 3, da falle 2 na katako mai kyan zane masu milimita 1.5, ɗaya ciki ɗaya waje. Na cikin ba ado ba ne. Duk abin da aka yi wa fuska ɗaya sai an yi wa ɗayar, in ba haka ba ɓangare ɗaya zai fi ja, ƙofa ta murɗe. Jijiyar fuskar kowane falle na tsayar da ita daga sama zuwa ƙasa, domin filawud ya fi yarda ya naɗe ta wannan gefen.

Yawancin aikin a kan mol ɗin ya tafi, kuma a ganina nan ne ya kamata ya tafi. Ƙofa ba ta ƙara komai a kan abin da mol ya ba ta: in da tudu a jikinsa za ta fito da tudu, in da kwari za ta fito da kwari. Abin da mutane suka fi mantawa shi ne mol ɗin cikin ƙofa yake taɓawa, ba bayanta ba. Bayan ƙofa santimita 30, a cire kaurinta, saura 28.2. Na kuma lulluɓe mol ɗin da filawud falle biyu masu milimita 3 don ya yi sumul, saboda haka haƙarƙarinsa, wato allunan da ke ba shi siffarsa, na zana su a kan 27.6. Da ɗan dogon katako na zana, kusa a kai ɗaya, fensir a cikin huda a ɗaya kan. Haƙarƙari ɗaya na yanka, na goge shi da samfefa har sai da yatsana ya daina jin ko ɗan ƙulli, sannan na kwafi sauran daga jikinsa, na haɗa su wuri guda na sake gogewa tare. Tazarar santimita 10 na bari tsakaninsu. Na kuma ƙara wa mol ɗin santimita 5 ta kowane gefe fiye da girman ƙofar, saboda bakin filawud kullum yana son miƙewa, gara wannan miƙaƙƙen bakin ya faɗa cikin abin da za a yanke a yar. A ƙarshe na liƙe fuskarsa kaf da salatif mai santsi don kada gam ya haɗe shi da ƙofar.

Sai batun buɗewar da katako ke yi in an sake shi. Masu sana'ar suna da ƙiyasi mai sauƙi: a auna zurfin lanƙwasar, wato daga layin da ya haɗa bakunan ƙofar biyu zuwa tsakiyar lanƙwasar, a raba shi da adadin fallayen sau kansa. Zurfin tawa wajen milimita 88 ne. Da falle 3 masu kauri na yi, sai a raba da 9, ƙofa ta buɗe kusan santimita guda. Da falle 7 kuwa sai a raba da 49, ba ta kai milimita 2 ba. Ƙiyasi ne kawai, amma ya isa ya nuna cewa sirara masu yawa sun fi masu kauri kaɗan.

Gam ma yana da nasa hannu a ciki. Farin gam na kafinta da muka saba da shi yana bushewa da ɗan laushi, kuma in yana ƙarƙashin ja na tsawon lokaci yana saki a hankali, musamman a wuri mai ɗumi. Ga shi yana fara kamawa cikin 'yan mintoci, alhali akwai haɗi shida da za a shafa. Na zaɓi gam ɗin yuriya mai zuwa a gari, wanda ake kwaɓawa da ruwa. Yana ba da lokacin aiki, in ya bushe kuma ya zama tauri ƙam. Yana son ɗaki mai ɗumin da bai gaza digiri 21 ba kafin ya kama da kyau, kuma akwai sinadarin fomaldihaid a cikinsa, don haka taga a buɗe, safar hannu a hannu, takunkumi a hanci lokacin kwaɓa garin da lokacin goge busasshensa.

Kafin in buɗe gam sai da na yi gwajin komai a bushe, na jera, na ɗaure, na kwance. Ranar aikin na shafa da ƙaramar rola, siriri kuma ko'ina, na ja layi a tsakiyar kowane falle ya hau layin tsakiyar mol, na kafa 'yan ƙananan kusoshi biyu a ɓangaren da za a yanke don kada fallayen su sulale. A sama na shimfiɗa leda, sannan wani filawud na kariya, sannan sandunan katako a jere bisa tsayin ƙofar, na zagaye duka da bel ɗin ɗaure kaya mai ƙarfen ja. Daga tsakiya ake fara matsewa ana tafiya gefe, domin iska da rarar gam su sami hanyar fita. Abin da nake nema da ido shi ne ɗigo-ɗigon gam su fito a jere a bakin kowane haɗi, ba tsinkewa. A wani wuri kusa da kusurwa na ga layin ya yanke kamar faɗin yatsa uku, sai na ƙara kilam a nan, na juya shi a hankali har ɗigon ya ɓullo. Wanda yake da jakar da ake zuƙe wa iska ya huta da wannan fama, domin iskar duniya da kanta za ta danna kusan giram 800 a kan kowane murabba'in santimita, wato fiye da tan biyu da rabi a kan ƙofa irin wannan, kuma daidai wa daida a ko'ina. Bel da sanduna ma suna yi, sai dai suna son ido.

Na bar ƙofar cikakken yini da dare a ɗaure, na kuma zana layukan yanka tun tana kan mol, don a nan ne kaɗai take da madogara tabbatacciya. Miƙaƙƙun gefuna biyu na liƙa musu siririn katako zalla, na sama da na ƙasa masu lanƙwasa na rufe su da falle mai laushi.

Shawarar da ta fi kowace amfanar da ni ita ce jinkirta haɗa jikin kabad ɗin. Sauran kabad duka na gama su, amma waɗannan biyun ban yanka saman su ko ƙasansu ko kantocin ciki ba sai da ƙofofin suka fito suka huta 'yan kwanaki. Sannan na tsayar da kowace ƙofa a kan allo na zagaye cikinta da fensir, na yanka bisa wannan layin. Ƙofar da ta buɗe da milimita 2 ba mai iya mayar da ita, amma allo miƙaƙƙe yana bin duk layin da aka ja masa. Da haka tazarar ta zo daidai daga hinji har zuwa mariƙi.

Hinji ya ɗan ba da aiki. Irin ɓoyayyen nan da ake huda masa rami mai faɗin milimita 35 an yi shi ne don shimfiɗaɗɗiyar ƙofa. Tsakiyar ramin tana wajen milimita 22 daga baki, kuma a wannan ɗan nisan fuskar ƙofar ta riga ta juya sama da digiri 4. In an ɗaura shi haka, ɗaya bakin ba zai kai ga rufewa ba. Na fere ɗan katako mai karkatar digiri 5 na sa a ƙarƙashin farantin hinjin da ke jikin kabad, sauran gyaran kuma sukurorin saiti suka ƙarasa. Hinji uku na sa wa ƙofar ƙasa maimakon biyu, saboda cikinta ya turo waje, nauyinta yana murɗa hinji ta yadda miƙaƙƙiya ba ta yi.

Wajen gogewa na yanka wani katako mai kwari daidai da bayan ƙofar na naɗa masa samfefa, ina bin jijiya sama da ƙasa da sassauƙan hannu, tunda fallen waje milimita 1.5 ne kawai. Banish kuwa shafi uku na yi a ciki, uku a waje, har da bakin sama da na ƙasa inda ruwan wanke-wanke ya fi samun hanyar shiga.