Abin da kututturen lantana ya koya mini

Ranar da na fara fita aikin sa-kai a gandun daji, na ɗauka abin bai wuce adda da ƙarfin damtse ba. Tsiron da aka sa mu sara shi ne lantana, mai ƙananan ƙayoyi da furanni masu ɗaukar ido. Asalinsa daga yankunan zafi na nahiyar Amurka yake, aka yi ta kai shi ƙasashe don ƙawata lambuna, daga nan ya tsallake shinge ya shige daji. Duk inda ya kafu yakan yi duhuwar da rana ba ta ratsawa, sai ƙananan itatuwan wurin su mutu tun ba su kai gwiwa ba.

Muka yini muna sara, muka tashi hannuwa duk kurji, muna ganin mun gama da shi. Da na koma bayan 'yan watanni, ruwa ya sauka, na tarar kowane kututture ya fitar da toho ta ko'ina, filin da muka buɗe wa rana kuma ya cika da sabon tsiro daga irin da tsuntsaye suka daɗe suna zubarwa a kashinsu. Ashe aski kawai muka yi masa, tunda saiwar tana nan daram.

Daga baya na ji labarin wasu 'yan'uwa mata biyu, Joan da Eileen Bradley, waɗanda suka tsara wata hanyar farfaɗo da daji a birnin Sidni ta ƙasar Ostareliya tun a shekarun 1960. Hanyar ita ce a fara daga inda tsirran asali suke da ƙarfi, a riƙa matsawa sannu a hankali zuwa inda ya fi lalacewa, kada a tona ƙasa fiye da kima, kuma kada a share filin da dajin ba zai iya rufewa da kansa ba. Da farko hakan bai kwanta mini ba, domin ɗan sa-kai yana son ya waiwaya ya ga tulin reshen da ya tara, amma tohon nan ya kashe mini baki.

Akwai kuma ranar da garaje ya sa na datse wata ƙaramar itaciya ta asalin wurin, wadda ta yi shekaru tana neman haske a ƙarƙashin duhuwar. Jagoranmu bai yi faɗa ba, ya dai miƙo mini ganyenta ya ce in haddace kamanninsa. Tun daga lokacin, kafin in ɗaga adda sai na durƙusa na duba gindin abin da zan sara, kuma rabin yinina yanzu yana tafiya ne wajen cire ƙananan tsiro da hannu a filin da muka share bara.