Kafin ka biya kuɗin linki don shafinka ya hau Google

Masu shafin kasuwanci a Katsina, daga tela a Ƙofar Ƙaura har mai sayar da kayan waya, sun san saƙon nan na dillalan linki (mahaɗin da ake latsawa a wani shafi ya kai mutum naka): turo kaza a zuba maka linki dubu, shafinka ya fito a sahun farko. Maganar tana da tushe. Tun kafuwar Google a 1998 yake ɗaukar linkin da wani shafi ya yi zuwa naka a matsayin shaida, kamar wanda ya tsaya maka wajen karɓar kaya bashi. To amma shaidar da aka saya, dokar Google ta haramta ta.

A Afrilun 2012 Google ya fito da wani tsarin tace shafuka mai suna Penguin don kama irin wannan. A Disambar 2022 kuma ya sa SpamBrain, tsarinsa na gano shafukan bogi, ya riƙa soke darajar linkin da aka saya. Galibi ba abin da zai same ka, kuɗin ne kawai suka bi ruwa. In ka yi rashin sa'a, sai ka buɗe Search Console, inda Google ke nuna wa mai shafi halin da shafinsa ke ciki, ka tarar da sanarwar hukunci, shafin ya nutse.

Abin da ke tona asiri a fili yake. Shafin tela mai rubutu da Hausa, amma linkin duk daga shafukan caca na Rashanci, sun shigo cikin mako guda, kowanne da kalmomi iri ɗaya: "ɗinkin kaftani mai rahusa Katsina". Wane mai karatu ne zai rubuta haka sau ɗari?

Kada lambar DA, makin ƙarfin shafi da dillali ke nunawa, ta ruɗe ka. Ta kamfanin Moz ce, Google ba ya aiki da ita. Buɗe shafin da za a sa maka linkin da kanka, ka karanta rubutu goma na ƙarshe. Sannan ka rubuta site: haɗe da adireshinsa a Google. In bai fito ba, bar shi.

Biyan talla a shafin da mutanen Katsina da Daura ke karantawa ba laifi ba ne, muddin aka sa wa linkin alamar rel="sponsored", wadda aka fito da ita a Satumbar 2019. Ba zai ɗaga ka a bincike ba, amma zai kawo masu saye.

Wanda hukunci ya riga ya hau, ya fara neman a cire linkin. Waɗanda suka ƙi cirewa, ya jera su a fayil ɗin txt, kowane layi ya fara da domain: haɗe da adireshin shafin, ya ɗora a Disavow, wurin da ake gaya wa Google ya yi watsi da linkin, sannan ya nemi Google ya sake duba shafinsa.