Shirun alƙalin sasanci: yaushe kotu take rushe hukuncinsa?

Kamfanin da ya sha kaye a gaban kwamitin sasanci, wato alƙalan da ɓangarori ke naɗawa su yanke musu hukunci a wajen kotu, a mafi yawan ƙasashe, ba shi da damar ɗaukaka ƙara don kawai yana ganin alƙalan sun yi kuskure. Ƙofofin da suka rage masa kaɗan ne, kuma ɗaya daga cikin waɗanda lauyoyi suke ƙwanƙwasawa ita ce ta zargin son kai: a nuna wa kotu cewa ɗaya daga cikin alƙalan yana da alaƙa da wani ɓangare, ya kuma ja bakinsa ya yi shiru.

Ba sai an kama shi da cin hanci ba. Tambayar da kotunan Ingila suke yi ita ce: mutum mai adalci, wanda ya san duk yadda abin yake, zai ga akwai yiwuwar an karkata?

Shari'ar Halliburton, kamfanin ayyukan haƙar mai na Amurka, da kamfanin inshora na Chubb ita ce ma'auni a yau. Tushenta fashewar rijiyar mai ta Deepwater Horizon a tekun Mekziko a 2010. Shugaban kwamitin da ke sauraron rikicinsu ya sake karɓar naɗi daga Chubb a wani sasanci da kamfanin Transocean kan haɗarin nan dai, bai gaya wa Halliburton ba. A Nuwamban 2020 Kotun Ƙolin Birtaniya ta ce ya saɓa wajibin bayyanawa, amma ba ta tsige shi ba, domin ya yi bayani mai gamsarwa kuma batutuwan shari'o'in ba su haɗu sosai ba. A nan mutane da yawa suke ruɗewa: ɓoye alaƙa laifi ne, amma shi kaɗai ba ya tabbatar da son kai. Dokar sasanci ta Ingila ta 2025 ta rubuta wajibin ƙarara.

Abin ya fi muni idan alaƙar ta yi ta maimaituwa. A 2024 babbar kotu a Landan ta duba ƙarar Aiteo, kamfanin mai na Najeriya, da Shell. Wata alƙaliyar kwamitin ba ta bayyana a kan kari duk ayyukan da ta samu ta hannun ofishin lauyoyin Shell ba. Kotu ta ga alamar son kai, sai dai ɗaya kawai daga cikin hukunce-hukuncen kwamitin ta mayar a sake dubawa, sauran suka tsaya. A rikicin kamfanin zuba jari na Eiser da ƙasar Sifaniya kuwa, a 2020 aka soke hukuncin Yuro miliyan 128 ɗungurungum, saboda alƙali bai faɗi tsohuwar hulɗarsa da ƙwararrun da mai ƙara ya kawo ba.

Kafin a amince da naɗi, lauya mai hankali yakan nemi alƙalin ya rubuta duk naɗin da ya samu daga ɓangarorin da lauyoyinsu, har da aikin ba da shawara. Ƙa'idojin ƙungiyar lauyoyi ta duniya, IBA, sun kasa alaƙoƙi gida uku: ja, ruwan lemu da kore. Naɗi biyu ko fiye daga ɓangare ɗaya cikin shekara uku yana cikin ruwan lemu, wato a bayyana shi, ɓangarori su yanke shawara.

Amma wani abin da yakan kashe irin waɗannan ƙararraki shi ne jinkiri. Wanda ya ji labarin alaƙa ya ajiye shi a aljihu, yana jiran ya ga inda hukunci zai faɗa, kotu takan ɗauka ya yafe. Ƙa'idojin sasanci na majalisar 'yan kasuwa ta duniya, ICC, sun ba da kwana 30 a ƙalubalanci alƙali daga ranar da aka sani, dokar samfuri ta UNCITRAL, hukumar dokokin kasuwanci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, kwana 15. Bayan hukunci, Ingila kwana 28 take bayarwa a ƙalubalance shi a kotu. A Najeriya, dokar sasanci da sulhu ta 2023 ta ba da wata uku daga ranar da aka karɓi hukuncin, ta kuma cire tsohuwar hujjar "rashin ɗa'ar alƙali" da lauyoyi suka daɗe suna fakewa da ita suna jan shari'a.