Da kwalina a akwati na hau tsani

Lokacin da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare, ranar 29 ga Mayu, 2023, ina koyar da lissafi a wata makarantar kuɗi a Kano, albashina naira dubu 25. Cikin 'yan kwanaki litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500. Da na lissafa kuɗin adaidaita sahu zuwa da dawowa, sai na ga kusan rabin albashin a hanya yake ƙarewa.

Fiziks na karanta. Inna ta sayar da awakinta ba sau ɗaya ba saboda kuɗin rajista. A sansanin bautar ƙasa akwai shirin koyon sana'a na SAED, wanda aka fara tun 2012, amma can baya muke zama muna jiran a tashi. A ganinmu sana'a ta wanda boko ya ƙi ce. Har yau wannan tunanin yana yi mini ciwo.

Wani maƙwabcinmu ne ya haɗa ni da mai shagon sola, domin tsadar mai ta sa mutane sun fara rufe janareta suna neman fanel, wato farantin da ke samar da wuta daga hasken rana. Na girmi mai shagon da shekara uku, iyakarsa sakandare, amma tun yana ɗan yaro yake bin masu wayarin. Ni ina ce masa Oga, shi yana ce mini Malam. Da na faɗa wa Baba, shiru ya yi, can ya ce, “Yanzu duk karatun nan a kan kwanon mutane zai ƙare?” Na rasa amsar da zan ba shi.

Ranar farko Oga ya miƙo mini filaya da guntun waya. “Malam, feɗe mini bakin wannan.” Na danna, na ja, roba ta fita tare da rabin silin jan ƙarfen. Ya karɓa, ya yanke wurin, ya feɗe a hankali ina kallo, ya sake miƙo mini. Sai a karo na biyar na yi daidai. Ni da na amsa tambayoyin jarrabawa a kan wutar lantarki, ban taɓa riƙe mita na auna batir ba, don a ɗakin gwajinmu kusan mu goma muke kewaye kayan aiki ɗaya. Wata shida na yi ina ɗaukar tsani, ina jan waya a silin, ina koyon taka kwano a kan layin ƙusa don kada ya lotsa. Yaran shago masu shekara goma sha biyar suna gyara mini kuskure. Da farko abin yana sosa mini rai, amma girman kai rawanin tsiya ne, na haɗiye.

Aikin da ya sauya zamana a shagon na gidan wani Alhaji ne. Wasu sun yi masa haɗi, inbata, wato na'urar da ke juya wutar batir ta koma irin ta gida, tana ta kuka, batir ba ya kai asuba. Oga ya taɓa wayar da ta fito daga batir, ya janye hannu da sauri. “Ta yi siriri,” ya ce. Gaskiyarsa, hannunsa ya riga lissafina. Amma Alhaji ya tambayi dalili, da kaurin da ya kamata, da ko batura nawa zai ƙara. A nan na ɗauki biro. Kayan wat 1,000 a kan bolt 12 suna jan amfiya sama da 80, a kan bolt 48 kuwa kusan 21 ne kawai, kuma in amfiya ta ninka biyu, zafin da waya ke ɗauka ninkawa huɗu yake yi. Na nuna masa batura huɗu masu bolt 12 da amfiya-awa 200 suna riƙe da wat-awa 9,600, amma irin na ruwa in ana so su yi ƙarko, kusan rabi ake sha a bar rabi. Muka bi firiza da fankoki da injin jan ruwa ɗaya bayan ɗaya muna rubutawa. Alhaji ya ba mu aikin gaba ɗaya. A hanyar komawa Oga ya ce, “Malam, wannan lissafin za ka koya mini.” Tun daga ranar, bayan sallar isha'i nakan zauna da shi da yaran a kan benci, muna yin dokar Ohm, wato ƙa'idar lissafin wutar lantarki, a bayan kwalin fanel.

Shi ya sa ba na yarda in an ce digiri ɓata lokaci ne. Ba don shi ba, da har yanzu sai dai in ce waya ta yi siriri in yi shiru. Shi ne yake rubuta mana takardar neman kwangila, shi yake karanta littafin da ke zuwa da sabuwar inbata. Sai dai shekara biyu yana kwance a akwati, bai iya ciyar da ni ba sai da hannuna ya yi kanta. Abin da ke damuna shi ne yadda aka raba boko da sana'a, har ake fifita mai digiri a kan mai babbar difiloma ta HND, shi kuma mai HND a kan wanda ya koya a shago, alhali a kan kwano ɗaya muke haɗuwa.

Ƙanwata tana shirin JAMB, injiniyan lantarki take so. Ni na biya mata kuɗin fom. Ranar Asabar kuma tana zuwa shago, na ba ta mita da filaya nata na kanta. Baba da kansa yake rako ta bakin titi, kuma fankar ɗakinsa da wutar fanel ɗin da na kafa take juyawa.